Tafin da na yi ranar Laraba

Allah ne Ya ba mu aron ta, kuma Ya karɓi abarSa, mu ma hanyar ke nan. Dakta ta rasu ranar Alhamis da hantsi a asibiti, kwana uku bayan ta faɗi a ɗakin gwaji. Mai rubuta mini ta ce sha huɗu ga watan uku ne a lissafin ofis. Ni dai na san Alhamis ce, don ranar nake wanke tagogi, kuma a kan taga labarin ya same ni.

Ni ce mai shara a sashenta, shekara goma sha ɗaya. Ban yi makaranta ba, ko sunana ban iya rubutawa. Maƙwabciyata ce ke riƙe da biro, ma'aikaciyar jinya ce, mijinta direba kuma yana zaune a gefe, in ta cika shafi ya karɓa ya karanta mini in ji ko abin da na faɗa ne. Ba raini ba ne, ta sani. Sakatariyar ofis ta ce in zo ta buga mini a na'ura, na ce na gode. Na san wanda ya aiko ta.

Ga abin da ake faɗa a kaina. Wai ranar da aka ce Dakta tana bakin mutuwa na tafa hannu, na yi dariya, na yi hamdala. Maganar ta kai kunnen Hajiya, mahaifiyarta. Ban musa ba, na yi. Shi ya sa aka fitar da ni daga gidan makoki ban yi gaisuwa ba. Ina roƙon duk wanda takardar nan ta faɗa hannunsa ya karanta wa Hajiya ita daga fari har ƙarshe, kar ya tsallake komai, kar kuma ya gyara.

Dakta, bari in yi da ke, don ke kaɗai ce ba kya katse ni.

Kin tuna ranar da aka fara turo ni ɗakinki? A bakin ƙofa na tsaya da bokitina na ƙi shiga. Dogayen tukwanen gas a jingine da bango an ɗaure su da sarƙa, bututu ko'ina kamar hanji, wani abu yana huci a lungu. Wadda ta riga ni sharar ta riga ta gaya mini iskar da ke ciki tana kashe mutum, ba wari ba launi. Kika fito kina goge hannu a jikin farar rigarki, kika ce, "Gwaggo, shigo mana. Ba ya cin tsofaffi, ƙashi ya yi masa yawa." Tun ranar na zama Gwaggo a ginin nan, har manya haka suke kirana.

Ba ki ɓoye mini gaskiya ba. Kika ce iskar nan ita ce wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, ita ce kuma ke tashi a cikin lemon kwalba, amma in ta tsiyaye da yawa a ƙasa take kwanciya saboda nauyinta. Kika dube ni kika ce, "Ke kuma kullum a sunƙuye kike." Sati bai zagayo ba kika sa aka kafa ƙararrawa ta biyu daidai gwiwata. Kika ce in ta yi kuka in yar da tsintsiya in fita, ko takalmi kar in tsaya ɗauka. A cikin masu karatun ginin nan ba wanda ya taɓa tunanin inda hancin mai shara yake sai ke.

Duk hayaniyar ɗakin a kan wani ƙarfe ake yin ta da bai fi tubali biyu ba. Na daɗe ina mamaki, na ce a raina ko akwai abin da ake ɓoyewa a cikinsa. Wata rana kika ɗauko wanda aka yanka gida biyu, kika ɗaga shi saitin taga. Sai ga ramuka jere bisa jere, tsinken tsintsiyata da ƙyar ya shiga ɗaya, kuma ba a miƙe suke ba, lanƙwasa suke yi kamar tafiyar maciji. Kika ce iska mai zafi ta bi jere ɗaya ta nufi gabas, mai sanyi ta bi na samansa ta nufi yamma, bango siriri a tsakaninsu, mai zafin ta miƙa wa 'yar'uwarta zafi ta cikin bangon ba tare da sun gauraya ba. Kika kama hannuna kika kai shi kusa da bututun shiga, na janye da sauri. Kika kai shi na fita, sai ɗumi-ɗumi. Kika ce in an iya wannan, injin wutar lantarki da ke cika gida guda zai dawo ya shiga shago.

Naki aikin shi ne ki san inda zafin zai bi tun ba a kunna komai ba. Ki zauna gaban kwamfuta shayinki ya huce, ki sake ɗumamawa ya sake hucewa, kina kallon hoton tubalin nan da ja da rawaya da shuɗi. In hoton da gwajin suka saɓa, ranar ba kya cin abinci.

Akwai ranar da na goge miki allo. Kwana uku kina cika shi da lissafi, ni kuma na ga datti. An rubuta wani abu a gefe, wai kar a goge, to wa zai karanta mini? Mataimakinki ya yi ta faɗa har jijiyar wuyansa ta tashi, ya ce a sallame ni. Kika zauna kina kallon farin allon nan. Sannan kika ce, "Gwaggo, kin hutar da ni. Tun layi na huɗu akwai kuskure, kunya ce ta hana ni gogewa." Har yau ban san ko gaskiya kika faɗa ba. Washegari kika zo da jan zare, kika ce duk abin da na ga an ɗaura wa jan zare kar in taɓa.

Sai maganar kusurwa. Ni ce ke goge ƙurar da ke kan bargon da aka naɗe tubalin da shi. Na lura bayan hannuna yana jin kusurwa ɗaya ta fi sauran zafi, kullum ita. Na yi wata guda ina tsoron faɗa. Da na faɗa, mataimakinki ya yi dariya ya ce kwamfuta ta nuna zafin daidai yake ko'ina. Kika ce, "Kwamfuta ba ta da bayan hannu." Kika sa mai walda ya ƙara abin awo a wurin. Ashe iskar ba ta rabuwa daidai a bakin shiga, ramukan tsakiya suna cinye rabon na gefe. Wata huɗu kika yi kina sake lissafin daga tushe. Kika ce a gaban kowa in an buga takardar za a gode mini a ciki. Na ga fuskar da ta yi murmushi a ranar, na kuma ga wadda ba ta yi ba.

Yanzu ga kalmar. Hajiya, a nan nake roƙon ki saurara da kyau.

Dakta ta gaya mini iskar nan tana da wani matsayi. In aka matse ta ƙwarai, fiye da iskar tayar mota sau talatin, aka ɗan ɗumama ta, ɗumin da bai ma kai na jikin mutum ba, sai ta rikiɗe. Ta daina zama iska, ba ta kuma zama ruwa ba. Ga nauyi irin na ruwa, ga gudu irin na iska. Wannan matsayin suke ce wa kiritikal da Turanci, kuma sai ta kai nan ta haye ake samun abin da ake so. Kusa da wurin kuwa ba ta da alƙawari, ka ƙara mata zafi kaɗan ta sake hali, shi ya sa lissafin ke ba da wuya.

Wata da watanni suna nema abin yana ƙi. Yau bututu ya yi yoyo, gobe famfo ya tsaya. Ranar da aka samu ina durƙushe ina goge ƙasan tebur. Sai na ji 'yarki, da digirinta da komai, ta yi tsalle ta tafa hannu tana cewa, "Mun kai kiritikal! Mun kai!" Ta ɗago ni daga ƙasa ta riƙe kafaɗuna tana jijjiga ni. Ta aika aka kawo wa kowa shayi da biskit, har maigadi. Ni ban taɓa jin kalmar a wani wuri ba. A can na ji ta, da tafi na ji ta.

Daga nan ta zama gaisuwarmu. In ta shigo da safe ta ce, "Gwaggo, ya gwiwar?" in ciwon ya lafa sai in ce, "Kiritikal, Dakta." Sai ta fashe da dariya har ta dafa tebur. Da 'yata ta sauka lafiya, kiritikal na ce mata. Shekara shida muna haka. Duk wanda ke ɗakin ya ji, ba sau ɗaya ba, ba sau ɗari ba.

Ranar Litinin bayan azahar ta faɗi. Ba na wurin, ina bene na biyu. Ƙararrawa ba ta yi kuka ba, ko ɗaya cikin biyun, mai walda shaida ne. Likitoci sun ce jijiya ce ta fashe a kanta. Amma mu na ƙasa ba a gaya mana haka ba a lokacin, an ce jiri ne da gajiya, tana hutawa. Na yarda, don na san yadda take wasa da abinci.

Ranar Laraba da safe ƙaninta ya zo ɗaukar jakarta da makullin mota. Na same su a baranda shi da mataimakinta. Na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, ya jikin Dakta?" Mataimakin na tambaya, kuma da Hausa na tambaye shi. Mutumin nan Hausa a bakinsa ta fi tawa, da ita yake yi mini faɗa kullum. Ya dubi ƙaninta, ya dube ni, ya ce, "Tana kiritikal."

Na saki sandar goge-goge ta faɗi. Na tafa hannu. Na ce, "Alhamdulillahi! Dama abin da nake ta roƙo ke nan!" Rubuta shi haka, haka na faɗa. Na yi dariya, na juya na ci gaba da aikina ina 'yar waƙa. Na ga ƙaninta ya tsaya kamar an kafe shi, na ɗauka shi ma farin ciki ne ya riƙe masa baki.

Da na san gaskiya, da ranar na tafi asibitin ko da ƙafa ne. An ce ba ta gane kowa, to ni da na gane ta. Sai na wuni ina gaya wa maigadi da masu wucewa Dakta ta samu sauƙi. Har na wanke mata kofinta na kife a tebur, na ce ranar Litinin za ta nema.

Da aka yi rasuwar, Hajiya, na tafi gidanku ina kuka tun daga titi. Na cire takalmi, na shiga ɗakin mata. Ƙaninta ya leƙo daga ƙofa ya yi wa wata magana a kunne, ita kuma ta yi miki. Kika ɗago kika dube ni, idonki ya kumbura, kika ce, "Ke ce kika yi tafi?" Ni kuma na ɗauka tafin murnar da muka saba yi da ita kike nufi, na ɗauka ta ba ki labarina. Na ce, "Ni ce, Hajiya." Kika juya fuska bango. Mata biyu suka kama ni ta hannu suka kai ni waje, ɗaya ta wurgo mini takalmana.

A bakin titi na zauna ban san laifina ba. Sai da na dawo gida na ba wannan da ke rubutu labari tiryan-tiryan. Da na zo kan kalmar ta dafe kai ta yi salati. Ta ce, "Inna, a asibiti in an ce haka, ana nufin mutum yana tsakanin rai da mutuwa." Na ce ƙarya take. Ta kira mijinta, shi ma ya ce haka ne, har a rediyo ana faɗa in an yi hatsarin mota. Kwana biyu ban iya haɗiyar komai ba.

Tun daga ranar nake juya abu ɗaya. Mataimakin nan nata shekara shida yana jina ina faɗin kalmar da fara'a. Ya san yadda na ɗauke ta. Me ya sa bai ce mini jiki ya yi tsanani ba, kalma huɗu? To a ce bakinsa ne ya suɓuce. Wannan maƙwabciyar tawa ta ce masu karatu haka suke, in hankalinsu ya tashi Turanci ne ke fara zuwa musu, kuma ba na ƙaryata ta. Amma da na yi tafin fa? Yana tsaye. Ya ga fuskar ƙaninta. Ba abin da ya hana shi cewa, tsohuwar nan ba ta gane ba ne. Sai ya sa hannu a aljihu yana kallon ƙasa. Ban ce ya shirya ba, Allah ne Ya san abin da ke cikin ƙirji. Abin da idona ya gani nake faɗa.

Na kuma ga an kwashe littattafanta daga kan tebur tun kafin a yi jana'iza, har waɗanda ke ɗaure da jan zare. An canja makullin ɗakin, an mayar da ni sharar filin ajiye motoci. An kawo mini wata takarda wai in dangwala yatsa, na ce a karanta mini, aka ce ba komai ba ne, ta ofis ce kawai. Na ɓoye hannuna a cikin mayafi. Ban san me ke ciki ba, kuma ina tsoro. In na ji takun takalmi a bayana sai gabana ya faɗi. Mai walda da maigadi sun san gaskiyar gaisuwarmu, amma in na tunkare su sai su ce ana kiransu. Ban ga laifinsu ba, suna da iyali. Ni ba godiyar da aka ce za a yi mini a takarda nake nema ba, ko an rubuta ba zan iya karantawa ba. Lissafin nan dai nata ne, ita ta ƙi cin abinci a kansa, duk wanda ya ga an buga shi ya duba sunan da ke sama.

Dakta, har ke sai da na zarga, ki yafe mini. Na ce ai kin san ɗayar ma'anar. Duk sanda na ce miki gwiwata kiritikal kika dafa tebur kina dariya, kin san abin da likita zai ji. Me ya hana ki gaya mini? Ashe shekara shida ana dariya, ni ina zaton tare da ni ake yi? Na kwana biyu ina jin haushinki kina cikin kabari, Allah Ya yafe mini. Na juya abin, na sake juyawa, na tuno fuskarki, ban samu mugunta a ciki ba. Ina jin kin ga tsohuwa ta tsinci kalma ɗaya daga aikinki tana ji da ita, kika kasa ƙwace mata. Ba ki san bakin da za ta fito ba wata rana. Na yafe miki wannan duniya da lahira, ke ma ki yafe mini kwana ɗayan nan da ban zo ba.

Maigidanta, da kai nake yanzu. Na san baƙin ciki ya rufe ka, ban so in ɗora maka wani kaya ba. Amma ranar da injin ya kai, a gabana ta ɗauki waya ta kira ka, da kalmar nan ta fara tun kafin sallama, na ji dariyarka ta cikin wayar. Ka san yadda take faɗinta. Wataƙila har labarin gwiwata ta kai maka gida. Hajiya ba za ta yarda da bakina ba, ba kuma za ta yarda da takarda ba, tana iya cewa wani ne ya tsara mini. Da bakinka za ta yarda. Don Allah ka zauna kusa da ita ka gaya mata abin da ka sani, ko da bai fi wannan ba.

Ƙaninta, ban riƙe ka da komai ba. Abin da ka gani ka faɗa. Da ni ce na ga an yi wa 'yar'uwata haka, da abin da zan yi ya fi naka.

Ya Allah Ka jiƙan baiwarKa. Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata mata makwancinta, Ka sanyaya shi, Ka haskaka shi. Yadda ta duba inda hancin mai shara yake, Ka dube ta ranar da ba mai duban wani. Ilimin da ta bari Ka sa ya amfani mutane, ladan ya riƙa iske ta. Ka raya 'ya'yanta uku, Ka shirya su, kar Ka bar su a hannun wanda ba ya tsoronKa. Ka ba mijinta da 'yan'uwanta ƙarfin ɗauka. In na zargi wani a kan abin da bai yi ba, Ka yafe mini, in kuwa ya yi, Kai ne mai gani.

Hajiya, ni da ke tsofaffi ne, ba mu san wadda za ta riga wata ba. Ba na so in mutu kina riƙe da ni a matsayin matar da ta yi murnar mutuwar 'yarki. Ranar Litinin bayan la'asar zan zo in tsaya a bakin ƙofarku. Ba zan buga ba, ba zan aika ba. In an ce in shiga, in shiga. In ba a ce ba, zan koma gida in dawo Talata.

Kafin nan, ga abin da na zo da shi ranar da ban samu na faɗa ba. Hajiya, ya haƙuri? Ya muka ji da wannan rashi? Kin haifi 'ya ta gari, ni na shaida. Allah Ya jiƙanta, Ya ba ki dangana, Ya haɗa ku a inda ba rabuwa.